John Pemberton: Mai haɗa magungunan da ya ƙirƙiro Coca-Cola da goro, ya mutu a talauce

Rabin sunan Coca-Cola goro ne. Kalmar Cola da ke jikin kwalbar ba komai take nufi ba illa goron nan da ake rabawa a wurin ɗaurin aure da raɗin suna, wanda Turawa ke kira kola. Ɗaya rabin kuma sunan ganyen koka ne, wani tsiro na ƙasashen Peru da Bolibiya, wanda daga cikinsa ake fitar da hodar ibilis.

Mutumin da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a tukunya ɗaya shi ne John Stith Pemberton, wani mai harhaɗa magunguna a birnin Atlanta na jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. A cikin gidan da yake zaune ya yi haɗin, a shekarar 1886. Bai yi shi don nishaɗi ba. Magani yake nema, kuma shi kansa yana cikin masu buƙatar maganin.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan nan ya rasu, bayan ya sayar da duk haƙƙinsa a kan lemon a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗalibin maganin gargajiya

An haifi Pemberton ranar 8 ga watan Yulin 1831 a wani ƙaramin gari mai suna Knoxville a jihar Jojiya, ya kuma tashi a garin Rome na jihar. Ya yi karatun aikin magani a wata kwaleji da ke birnin Macon, ya samu lasisi a 1850 yana ɗan shekara 19.

Kwalejin ba irin ta likitocin asibiti ba ce. Tana bin tafarkin wani mutum mai suna Samuel Thomson ne, wanda ya yi imani da cewa lafiyar ɗan Adam tana cikin saiwa da sassaƙe da ganye. A wancan lokacin likitocin Amurka na yi wa marasa lafiya tsaga su zubar da jini, suna kuma ba su magunguna masu guba, don haka talakawa da dama sun fi yarda da masu saiwoyi. A taƙaice, abin da Pemberton ya koya ya fi kusa da sana'ar 'yan magori, sai dai shi da ma'auni da kwalabe da ɗakin gwaji yake tasa.

Ya auri Ann Eliza Clifford Lewis a 1853, suka haifi ɗa ɗaya tilo, Charles, a 1854. Ya buɗe kantin magani a birnin Kolombus na jihar, kasuwa kuma ta yi masa kyau.

Saran takobi

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu da suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi baƙaƙen fata. Pemberton ya tsaya a ɓangaren Kudu, har ya kai muƙamin laftanar-kanar a rundunar mahaya dawakai ta jiharsa.

Ranar 16 ga watan Afrilun 1865 dakarun Arewa suka afka wa Kolombus. Abin takaicin shi ne, mako guda kafin nan babban kwamandan Kudu, Janar Robert Lee, ya riga ya miƙa wuya. Yaƙi ya ƙare a zahiri, wasu ne kawai ba su ajiye makami ba. A wannan artabun ne aka sari Pemberton da takobi a ƙirji.

Ya rayu, amma raɗaɗin bai bar shi ba. Maganin kashe zafi da ake ji da shi a lokacin shi ne mofin, wanda ake tacewa daga opiyom. Dubban tsofaffin sojoji sun fara da shi a matsayin magani, suka wayi gari ba sa iya rabuwa da shi. Na Pemberton ya fi muni, domin shi ba sai ya je neman mofin wurin kowa ba, yana nan jere a kantar shagonsa. Wannan jarabar ta bi shi har kabari, kuma duk wanda bai san da ita ba, ba zai fahimci abin da ya sa ya yi ta sayar da dukiyarsa da araha daga baya ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1860 ya koma Atlanta, birnin da aka ƙona a lokacin yaƙi ake kuma sake ginawa. A can ya yi suna. Ya fitar da maganin tari, da na wanke jini, da ƙwayar ciwon hanta, da rinin gashi, har da turare. 'Yan'uwansa masu sana'a suna girmama shi a matsayin gwanin haɗi. Amma gwanintar haɗi daban, ta riƙe kuɗi daban. Ya karye a 1872, gobara kuma ta cinye masa kaya har sau biyu a cikin shekarun da suka biyo baya. Kullum yana cikin neman sabon abokin hulɗa mai jari.

Yadda goro ya shiga maganar

A Faransa, wani mai haɗa magunguna ɗan tsibirin Kosika mai suna Angelo Mariani ya fitar da wata giyar inabi da aka jiƙa ganyen koka a ciki a 1863. Ya sa mata suna Vin Mariani. Ta karɓu ƙwarai a Turai, har Fafaroma Leo na 13 ya ba shi lambar yabo ta zinare. Ya kamata a tuna cewa a wancan zamanin babu dokar da ta haramta koken. Likitoci na ganinsa a matsayin sabon abin al'ajabi, wasu ma sun rubuta cewa yana raba mutum da jarabar mofin. An gudu ba a tsira ba ke nan, amma ba su gane ba sai daga baya.

Pemberton ya karanta waɗannan rubuce-rubuce da idon mai neman mafita. Ya kwaikwayi giyar Mariani, ya fitar da tasa mai suna French Wine Coca wajen 1885. Don ya bambanta ta da ta Bafaranshen, sai ya ƙara mata abubuwa biyu: wani ganye mai suna damiyana, da kuma goro.

A lokacin goro baƙo ne a kantunan maganin Turai da Amurka. Masana a Faransa sun soma bincike a kansa a farkon shekarun 1880, suka tabbatar yana ɗauke da kafin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai kore barci da gajiya. Nan da nan kamfanonin magani suka fara tatsar ruwansa suna sayarwa a kwalabe a matsayin maganin kasala.

Abin da Turawan suka gano a ɗakin gwaji, fataken Hausa sun san shi ɗaruruwan shekaru kafin nan. Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa, itacen kurmi ne. Amma ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da huhunan goron ƙasar Asante. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi fice a wannan fatauci. A shekarar da Pemberton ke gwajin goro a Atlanta, Alhassan Ɗantata, wanda daga baya ya zama attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma kuma da fataucin goro ya fara, yaro ne ɗan ƙasa da shekara goma a Bebeji.

Ta wata hanyar kuma goron ya riga ya tsallaka teku tun zamanin cinikin bayi, har aka shuka shi a Jamaika da Brazil.

Dokar hana giya

Giyar Pemberton ta fara kawo kuɗi, sai ga wata matsala. A watan Nuwamban 1885 mutanen Atlanta da kewaye suka kaɗa ƙuri'ar haramta sayar da barasa, dokar kuma za ta fara aiki ranar 1 ga watan Yulin 1886. Malaman coci ne suka jagoranci yunƙurin. Pemberton ya ga alamar kasuwarsa za ta rufe, sai ya shiga neman yadda zai fitar da haɗin da babu giya a ciki.

A daidai wannan lokacin wasu baƙi biyu, Frank Robinson da David Doe, suka zo Atlanta suna tallar wata na'urar buga takardu. Suka haɗu da Pemberton, suka shirya, suka kafa kamfani tare da wani mai suna Ed Holland. Robinson ɗan jihar Maine ne, kuma a rundunar Arewa ya yi yaƙi, wato ɓangaren da ya sari Pemberton. Shi ya zama mai riƙe da littafin kuɗi.

Wurin aikin shi ne wani gidan jan bulo mai lamba 107 a titin Marietta. Labarin da ya fi yawo shi ne cewa a bayan gida ya yi haɗin, a cikin wata tukunyar tagulla mai ƙafa uku, yana juyawa da muciya. Masu binciken tarihi sun nuna cewa gidan na da ɗakin gwaji da kayan tacewa, ba aikin tsakar gida ba ne kawai. Ko ta yaya, a gida aka yi shi, da hannu, ana ɗanɗanawa ana gyarawa.

Yadda ake yin lemo a wancan zamanin

Don a gane abin da Pemberton ya haɗa, sai an san cewa lemo a lokacin ba a kwalba yake zuwa ba. Abu biyu ne ake haɗawa a gaban mai saye: ruwan soda, da kuma madarar lemo, wato kakkauran ruwan sukari mai ƙamshi, kamar yadda mai turare ke da madara yana sirkawa.

Ruwan soda ya girmi Pemberton nesa ba kusa ba. Wani Baturen Ingila mai suna Joseph Priestley ne ya gano yadda ake shigar da iskar gas cikin ruwa a 1767, a birnin Leeds. A 1783 Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a birnin Geneva. Sunansa ne har yau ke jikin kwalbar Schweppes. Mutane sun ɗauka ruwa mai tartsatsi magani ne, saboda ya yi kama da na wasu maɓuɓɓugai da ake zuwa neman lafiya. Shi ya sa a kantin magani aka fara sayar da shi. Kusan kowane babban kemis a Amurka na da kanta ta marmara da famfon soda, da wani ma'aikaci a tsaye yana zuba madara kashi ɗaya, ruwan soda mai sanyi kamar kashi biyar, ya juya ya miƙa.

Ita kuwa madarar, tsarinta bai sauya ba har yau. Ana dafa sukari da ruwa har ya yi kauri. A sa wani abu mai tsami don ya karya zaƙin. A ƙona sukari daban har ya yi baƙi don a samu launi. Daga ƙarshe a ɗiga sinadarin ƙamshi, wanda ake tatsowa daga ɓawon lemo ko kayan yaji. Ɗigo kaɗan ya isa tukunya guda, kuma a nan asirin kowane mai haɗi yake.

Matar da ke yin zoɓon sayarwa a Gumel ko Gagarawa ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Ita ma tana jiƙa ko dafa zoɓo don launi da tsami, ta sa citta da kanumfari, wata ta ƙara ɓawon abarba, ta zuba sukari, sannan ta ɗiga filebo daga 'yar ƙaramar kwalba. Bambancin kawai shi ne gas. Idan aka dafa zoɓon ya yi kauri sosai, aka bar shi ya huce, aka sirka da ruwan soda mai sanyi maimakon ruwan randa, to an yi lemo irin na zamanin Pemberton, ba ragi ba ƙari.

Har a gidajen Amurka ma ana yin haka a lokacin. Wani mai kantin magani a Philadelphia, Charles Hires, ya fara tallar ƙullin saiwoyi da ganyaye a baje-kolin 1876, senti 25 kowane ƙulli, uwar gida ta dafa da ruwa da sukari ta samu galan biyar. Su da yis suke samar da gas ɗin, suna toshe kwalba su bar ta kwana biyu. Wannan hanyar na haifar da ɗan burbushin barasa, kuma idan aka manta da kwalbar tana iya fashewa, abin da babu shi a sirki da ruwan soda.

Matsalar da Pemberton ya fuskanta ita ce ɗaci. Ganyen koka na da ɗaci, goro kuwa ba sai an faɗa wa Bahaushe ba. A dā giyar inabi ce ke rufe ɗacin, yanzu babu ita. Sai ya cika sukari, ya rage goron ya koma ɗan kaɗan, ya cike gurbinsa da garin kafin da aka riga aka tace. Ya sa tsami, ya sa ƙonannen sukari. Takardun haɗin da masu bincike suka wallafa daga baya, waɗanda ake dangantawa da shi, sun ambaci ruwan lemon tsami, da banila, da man ɓawon lemon zaƙi da na tsami, da man kirfa, da na gyaɗar ƙamshi, da na koriyanda, da na furen lemo. Kamfanin dai bai taɓa amincewa cewa ɗaya daga cikin takardun ita ce ta gaskiya ba.

Akwai wata dabara a nan da ta shafi Arewa kai-tsaye. Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Idan aka ɗiga man ƙamshi a ruwan sukari, sama zai taso. Masu haɗin dā kan narkar da man a cikin ɗan sifirit tukuna. Masana'antun lemo na yau da dama ƙaro suke amfani da shi, wanda ke riƙe man ya bazu cikin ruwan. Ƙaron nan da ake tsinka a jikin dakwara a Jigawa da Yobe da Borno, da kuma Sudan da Chadi, yana cikin abin da ke sa lemon kwalba bai rabu gida biyu ba.

Kofi tara a rana

Pemberton ya riƙa aika samfur zuwa kantin magani na Jacobs, inda wani mai suna Willis Venable ke riƙe da famfon soda, ana ba masu saye su ɗanɗana a dawo masa da bayani. Kamfanin na ɗaukar ranar 8 ga watan Mayun 1886 a matsayin ranar da aka fara sayarwa. Senti biyar ne kofi.

Robinson ne ya raɗa sunan. Ya haɗa sunayen tsirran biyu, ya ga harafin C sau biyu zai yi kyau a talla. Shi ne kuma ya rubuta sunan da irin lanƙwasasshen rubutun da akawuna ke yi a lokacin, wanda har yau shi ne a jikin kwalba. Tallar farko ta fito a jaridar Atlanta Journal ranar 29 ga watan Mayu. An tallata shi a matsayin abin sha mai wartsakarwa, kuma maganin ciwon kai da gajiyar ƙwaƙwalwa.

Ciniki bai yi armashi ba. A shekarar farko kimanin kofi tara ake sayarwa a rana. Abin da aka samu bai wuce dala 50 ba, alhali an kashe fiye da dala 70 a kan talla. Dokar hana giyar ma ba ta daɗe ba, domin a ƙarshen 1887 mutanen Atlanta suka sake ƙuri'a suka soke ta. Pemberton kansa ya ci gaba da ganin giyar kokarsa ta fi lemon makoma.

Abu ɗaya, masu shi da yawa

Daga nan labarin ya rikice. Ciwon ciki ya kwantar da Pemberton, ga mofin na cin kuɗi kullum. A watan Yunin 1887 ya yi rajistar sunan Coca-Cola da sunansa shi kaɗai, ba da sunan kamfanin da suka kafa su huɗu ba. Wata guda bayan nan ya sayar da kashi biyu cikin uku ga Venable da wani mai suna George Lowndes, ba tare da abokan hulɗarsa sun sani ba. Su ma ba su riƙe ba, suka sayar wa Woolfolk Walker da 'yar'uwarsa Margaret Dozier.

Bai tsaya nan ba. Ya sa talla yana neman masu zuba jari, wasu mutum uku suka kawo kuɗinsu da tunanin sun sayi haƙƙin duk magungunansa, har da lemon. Bayan sun shiga sai ya shaida musu cewa sunan Coca-Cola na ɗansa Charles ne. Suna iya yin haɗin, amma su nemi wani suna. A farkon 1888 akwai ɓangarori har uku a Atlanta da ke dafa lemo iri ɗaya, kowa na cewa shi ne mai shi.

Yana da sauƙi a kira wannan damfara, kuma waɗanda abin ya shafa haka suka ɗauke shi. Amma ya fi kama da aikin mutumin da ciwo da jaraba suka ci ƙarfinsa, yana sayar da duk abin da hannunsa ya kai don ya ga gobe. Ba ya rage masa laifi, musamman a kan Robinson, wanda ya ba da suna da rubutu da wahalar talla, aka tashi aka bar shi ba ko kwabo.

Robinson bai haƙura ba. Ya kai kukansa wurin wani lauya mai suna John Candler. Lauyan bai samo masa komai ba, amma ta wannan hanyar maganar ta kai kunnen yayansa, Asa Candler, wani mai kantin magani mai tsananin lissafi da riƙon addini, wanda ke fama da yawan ciwon kai. Ya sha lemon, ya ji daɗinsa, ya fara saye kashi-kashi. A watan Afrilun 1888 aka sayi kashi ɗaya cikin ukun da ya rage a hannun Pemberton a kan dala 550.

Pemberton ya rasu ranar 16 ga watan Agustan 1888 yana da shekara 57, sakamakon ciwon dajin ciki. Masu kantunan magani na Atlanta sun rufe shagunansu don girmama shi, aka ɗauki gawarsa a jirgin ƙasa zuwa Kolombus, aka binne shi a maƙabartar Linwood.

Kura da shan bugu

Zuwa 1891 Candler ya mallaki komai. Jimillar abin da ya kashe dala 2,300 ne. Ya kafa kamfanin Coca-Cola a 1892, ya ɗauki Robinson ya damƙa masa harkar haɗi da talla. Shekaru bayan haka Margaret Dozier ta yi zargin cewa sa hannun da ke kan takardar sayar da kasonta ba nata ba ne, amma zargin bai sauya komai ba.

Candler bai ƙirƙiri ɗanɗano ba. Abin da ya iya shi ne sayarwa. Ya raba takardun shan kofi ɗaya kyauta, ya cika kantuna da kalanda da agogon bango masu ɗauke da sunan, ya kuma tsaya a kan dabara ɗaya: shi madara kawai yake dafawa, wasu su sirka su sayar. Zuwa 1895 ana shan lemon a kowace jihar Amurka. Ɗura shi a kwalba ma bai ɗauke shi da muhimmanci ba, har ya ba wasu lauyoyi biyu na birnin Chattanooga, Benjamin Thomas da Joseph Whitehead, izinin yin hakan a kusan duk faɗin ƙasar a 1899 a kan dala ɗaya. A 1919 iyalansa suka sayar da kamfanin a kan dala miliyan 25.

Ba Pemberton kaɗai ya ga haka ba. Caleb Bradham, mai kantin maganin da ya haɗa Pepsi a jihar North Carolina a shekarun 1890, shi ma karyewa ya yi a 1923, kamfanin ya koma hannun wasu.

Tsirran biyu da suka ba lemon suna su ma an ture su gefe. Wajen 1903 aka daina barin koken a ciki, bayan an fara gane illarsa. Goro kuwa tun a hannun Pemberton ya fara raguwa. A 1909 gwamnatin Amurka ta kama ganguna 40 da ƙananan tulu 20 na madarar, ta kai kamfanin kotu, shari'ar da aka fara a 1911. Babban ƙorafin shi ne yawan kafin da ke ciki, amma akwai na biyu: cewa sunan yaudara ne, domin babu koka, goron ma in akwai shi bai taka kara ya karya ba. An yi shekaru ana tafka shari'a kafin a sasanta, kamfanin ya rage kafin, ya riƙe sunansa. Ke nan manoman goro na Afirka ta Yamma sun ba lemon da ya fi kowane shahara a duniya rabin sunansa, ba tare da wata riba ta a-zo-a-gani ta biyo baya ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a arewacin Jigawa. Jihar na sahun gaba wajen noman zoɓo a Najeriya, kuma Maigatari, mai kasuwar kan iyaka da ke ci ranar Alhamis da yankin ciniki maras shinge, na cikin wuraren da ake tara shi daga Gumel da Sule Tankarkar da Gagarawa da ƙauyukan Nijar. A busasshe yake fita, a buhu, ana auna shi da kilo. Mafi yawansa Meziko yake tafiya, inda ake dafa shi a sa sukari a sayar da sunan agua de jamaica, wasu kamfanonin Turai kuma su zuba shi a ƙunshin shayi mai ɗauke da tambarinsu. Kuɗin buhu na manomi da ɗan kasuwa ne, na kofi da kwalba kuwa na mai tambari.

Lemon Pemberton ya iso Najeriya ta hannun A.G. Leventis, ɗan kasuwa ɗan asalin tsibirin Cyprus, wanda ya kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, aka fara ɗurawa a Legas a 1953. Daga baya aka kafa masana'anta a Kano, garin da ayarin goro ke sauka.

Iyalan Pemberton ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Matarsa ta ƙarasa rayuwarta cikin rashi. Ɗansa Charles, wanda uban ya so ya bar wa sunan lemon a matsayin gado, shi ma shaye-shaye ya kama shi. A 1894 aka same shi a sume da opiyom a gefensa, ya cika bayan 'yan kwanaki yana da shekara 40.